Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: A Biya Ɗan Wasa Haƙƙin Sunansa da Fuskarsa

 Maganar da muka ɗauko a wannan mako za ta ɓata wa wasu rai, kuma mu da muke rubutun ma ba mu tsira daga laifin ba. A daure a karanta har ƙarshe kafin a ɗauko duwatsu.

Akwai wani yaro a nan Damba, ɗalibi a ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar nan, yana buga lamba tara. Ba za mu faɗi sunansa ba, waɗanda suka san shi sun san shi. Bara shi ya jefa ƙwallon da ta ba ƙungiyar makarantarsu kofi a wata gasa. Wani mai waya ya ɗauke shi daidai lokacin da ya ruga da gudu, hannu a sama, baki buɗe. Kafin wata ya zagayo, hoton nan ya hau kyallen talla a ƙofar wani shago da ya ɗauki nauyin gasar. Daga nan ya bayyana a fostar wani mai neman kujera, an liƙa fuskar mai gidan a gefe, an rubuta cewa shi ne gatan matasa. Bidiyon ƙwallon kuwa wani shafi ya ɗora, mu da hannunmu muka yi ta turawa. Babu wanda ya tambayi yaron ko ya yarda, babu wanda ya miƙa masa ko kuɗin sabulu. Da aka dawo hutu ya goce a gwiwa wajen atisaye. Mahaifinsa ne ya fitar da masara daga rumbu ya sayar, aka kai shi wajen mai ɗori, daga baya aka wuce asibiti. Yana kwance a ɗaki yana nishi, fuskarsa tana can ƙofar shago tana kiran masu saye.

Hausawa sun daɗe da raɗa wa irin wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga matsayinmu ba tare da kwana-kwana ba. Sunan ɗan wasa da fuskarsa dukiyarsa ce, kamar yadda gonar mutum take tasa. Zamansa ɗalibi bai sa ta zama ta kowa da kowa ba. Duk wanda zai nemi kuɗi ko ƙuri'a da su, ya nemi izini tukuna, ya kuma biya.

Kafin wani ya ce mun kwaso ra'ayin Turawa, mu leƙa gidan dambe. Ɗan dambe zai naɗe hannu ya shigo fili, mai kalangu ya kira sunansa da na ubangidansa da na garinsu, shi kuma ya tsaya ya yi kirari. Tun kafin a zuba turmin farko masoya sun fara yi masa kari, kuma a hannunsa ake sa kuɗin. Idan ya yi kisa sai liƙi ya ɓarke. Mai gidan damben da ke karɓar kuɗin ƙofa ya fi kowa sanin cewa cikar fili ta dogara ne da sunan da aka yi shela da shi, shi ya sa sallamar babban ɗan wasa daban take da ta yaron da ya fara jiya. Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago da na Ɗandunawa, su ma sun ɗaukaka nasa, kowa ya ci abincinsa a fili ɗaya, kan idon jama'a. Kakanninmu ba su taɓa jin wata doka ta Amurka ba, amma sun san cewa suna yana da farashi, kuma mai sunan ne ya fi cancanta da shi.

Abin da ya canja shi ne wayar hannu. A da mai kallo yana bakin fili, kyautarsa tana zuwa kai tsaye ga wanda ya burge shi. Yanzu mai kallo yana Jidda ko Legas ko Landan, kyautarsa ta koma kuɗin tallar da ake sakawa a cikin bidiyo, kuma asusun mai shafi take faɗawa. Tun 2017 tashar Dambe Warriors take ɗora damben arewa a YouTube, miliyoyin mutane suna kallo. Kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu shi ma ya kai dambe gaban masu kallo na ƙasashen waje. Wannan ya tabbatar da cewa gumin 'yan wasanmu haja ce da duniya ke saye. A 2024 kuma kamfanin Meta ya buɗe wa masu wallafa a Najeriya ƙofar samun kuɗin talla a Facebook. Tun daga lokacin, duk mai waya da ya tsaya a bakin fili yana iya zama ɗan kasuwa, ko ya sani ko bai sani ba. Gidan dambe dai ko ba komai yana da tsohuwar al'adar sallama da za a ɗora sabon tsari a kanta. Ɗalibi ɗan wasa ba shi da ko wannan.

Wasannin manyan makarantu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1966 aka fara gasar jami'o'i ta NUGA a Jami'ar Ibadan. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu, NIPOGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA. A 2018 aka ƙaddamar da gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, bankin Stanbic IBTC yana cikin masu ɗaukar nauyi. Banki ba ya zuba kuɗi don tausayin wani, ya ga idanun matasa a wurin ne. Mu kuma a Zamfara muna da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, wadda ɗalibanta ke haya a unguwanninmu. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata a Gusau, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, da Kwalejin Ilimi ta Maru. A cikinsu akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu daga Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi masu buga ƙwallo, masu gudu, masu ƙwallon hannu da na kwando. Batun nasu ne, don haka namu ne.

Yana da kyau mu san yadda ta kaya a ƙasar da wannan rikici ya fi ƙamari, domin hujjojin da ake kawo mana a nan su ne aka kawo a can, kuma sun faɗi a gaban alƙalai. A Amurka hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ke tafiyar da wasannin jami'o'i, kuma ta shafe shekaru da dama tana hana ɗalibi karɓar ko sisi da sunansa. A shekarun 1950, zamanin shugabanta Walter Byers, aka yayata laƙabin da ke nufin ɗalibi mai wasa. Byers da kansa ya bayyana daga baya cewa an yi hakan ne don kada kotu ta ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata masu haƙƙin diyya. A 1955 wani ɗalibi mai suna Ray Dennison ya mutu sakamakon raunin da ya ji a kai yana buga wa makarantarsa wasa a jihar Kolorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana ta. A 2010 kuwa hukumar nan ta sayar wa gidajen talabijin damar nuna gasar ƙwallon kwando a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, yaran da ake kallo kuma ba su da izinin sayar da ko sa hannunsu a kan riga.

Wanda ya fara fasa ƙwan shi ne Ed O'Bannon, wanda ya ci kofin ƙasa da jami'ar UCLA a 1995. Bayan ya bar wasa da shekaru, sai ya ga siffarsa a cikin wani wasan kwamfuta na kamfanin EA Sports, da lambar rigarsa da hannun hagun da yake jifa da shi, ba a tambaye shi ba, ba a biya shi ba. Ya shigar da ƙara a 2009, a 2014 alƙaliya Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin hukumar sun saɓa wa dokar hana danniya a kasuwanci. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ɗalibai damar cin moriyar sunansu. A watan Yuni na 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su tara, baki ɗaya, suka kayar da hukumar a wata shari'ar, kuma daga 1 ga Yuli na shekarar ta janye hanin. A watan Yuni na 2025 kotu ta amince da sulhun da zai sa a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, kowace makaranta kuma za ta iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Daga mutuwar Dennison zuwa wannan sulhu shekara 70 ke nan. Mu ba mu da dalilin jira har haka, tunda mun ga ƙarshen fim ɗin.

Yanzu ga abin da masu jayayya ke cewa, kuma mun ji su da kunnenmu a majalisa.

Na farko suna cewa: ku daina haɗa Gusau da Amurka, wane kuɗi ke cikin wasan makaranta a nan, inda ko rigar wasa sai an yi karo-karo? Gaskiya ne, babu biliyoyi. Amma mu ba albashi muka nema wa kowane ɗalibi daga aljihun makarantar da ke fama da biyan kuɗin wuta ba. Mun ce inda aka samu riba da fuskar yaro, a ba shi kasonsa. Inda ba a samu komai ba, ba ya bin kowa bashi. Idan da gaske babu kuɗi, to ƙa'idar ba za ta ci wa kowa ko kwabo ba, me ake tsoro? Kuma mai shagon nan da ya biya aka buga kyallen talla bai ga babu ba, ya ga akwai. Iyakar gona tun kafin damina ake shata ta. Idan aka bari sai amfani ya nuna, gaban alƙali za a ƙare.

Na biyu suna cewa ɗalibi karatu ya zo yi, kuɗi zai ɗauke masa hankali. To mu duba ajin nan da kyau. Akwai mai sayar da data, akwai mai ɗinkin hula, akwai mai jan Keke Napep da yamma, akwai wadda ke soya cincin tana tallatawa a WhatsApp, akwai ma mai ɗaukar hoto a bukukuwa, watakila shi ne ya ɗauki hoton ɗan wasan. Dukkansu muna sa musu albarka, muna cewa yara masu neman na kansu. Me ya sa sai wanda jarinsa ƙafarsa ce za a ce kuɗi zai lalata shi? A Amurka ma da suka yi wannan zalunci, da yawa daga cikin 'yan wasan ana ɗauke musu kuɗin karatu da abinci da masauki. Namu shi ke biyan rajistarsa, shi ke sayen takalminsa. Tun 2024 ɗalibai ke cike takardun neman bashin karatu na NELFUND. Yaron da ke cin bashi don ya yi rajista, shi ne za a ce ya ba mai shago fuskarsa sadaka?

Na uku, wadda ta fi yawo: ai an tallata shi, ya samu suna, wata rana babbar ƙungiya za ta gan shi. Ba mu musanta cewa bidiyo yana iya buɗe wa yaro ƙofa ba. Amma idan sunan nan abu ne mai daraja har ana yi masa gori da shi, to an yarda ke nan cewa dukiya ce, kuma mun dawo kan maganarmu. Ahmed Musa da ya ci Ajantina biyu a 2014 ya kuma ci Aisilan biyu a 2018, da sunansa ya buɗe cibiyar wasanni a Kano, kuma babu kamfanin da zai rataya hotonsa ya ce masa ai tallata ka na yi. Bambancinsa da yaronmu na Damba shi ne yana da lauya. Sannan cikin yara ɗari masu buga ƙwallo a makaranta, nawa ne za su taɓa sa hannu a kwantiragi? Mafi yawansu shekarun nan uku ko huɗu su ne kaɗai lokacin da fuskarsu za ta yi kasuwa a rayuwarsu. Mai ɗori kuwa ba ya karɓar suna.

Na huɗu hujja ce mai nauyi, ba za mu raina ta ba. Ƙwallo wasan mutum goma sha ɗaya ne. Idan mai cin ƙwallo ya kwashe komai, mai tsaron baya da gola fa? 'Yan mata masu ƙwallon hannu da ba a cika zuwa kallonsu ba fa? A Amurka an ga wannan matsala, an ga attajirai suna fakewa da talla suna sayen 'yan wasa daga wata makaranta zuwa wata. Amsarmu ita ce a raba abu biyu. Hoton da ya nuna mutum ɗaya, yarjejeniyar tasa ce. Hoton ƙungiya, ko kuɗin da aka bayar da sunan gasa, wani kaso nasa ya shiga asusun bai ɗaya na dukkan 'yan wasan makarantar, maza da mata, kuma abin farko da asusun zai riƙa yi shi ne jinyar wanda ya ji rauni. Rashin daidaito wajen rabo gyara yake buƙata. Hana kowa don kada wani ya fi wani, wannan gardi kaɗai yake yi wa daɗi.

Na biyar za su ce: Zamfara na fama da 'yan bindiga, ku kuna zancen hoto. Mu mazauna Damba ba ma buƙatar a tuna mana. Ba mu manta da ɗaliban da aka kwashe daga Sabon Gida a watan Satumba na 2023 ba. Amma wannan halin ne ma ya sa maganar ta zama dole. A garin da ake sace mutum don an zaci gidansu da kuɗi, rataya fuskar yaro a bakin titi ba tare da saninsa ba, ko ta yarinya da sunanta da sunan makarantarta, ya wuce batun ciniki, ya shafi tsaron lafiyarsu. Shi da iyayensa ne ya kamata su yanke ko suna so a san shi. Kuma matashin da ya ga ana iya cin halali da gumi a filin wasa, an rage wa daji mutum ɗaya.

Ta fuskar doka ma ba a sarari muke tsaye ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗauki duk abin da ake iya gane mutum da shi a matsayin bayanansa, kuma ba a sarrafa su sai da hujja, izinin mai su yana kan gaba. Mai ɗaukar hoto yana da dokar haƙƙin mallaka da ke kare aikinsa, muna girmama hakan, amma mallakar hoto daban, izinin yin talla da fuskar wanda ke cikinsa daban. Sama da duk wannan, mu ne jihar da ta fara shelar aiki da Shari'a a Gusau a 1999. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, kuma ana gaggauta sallamar wanda ya yi aiki. Abin kunya ne a ce alƙalan Amurka sun riga mu gane wannan.

Ga abin da muke nema, kuma babu ɗaya da ke buƙatar kasafin kuɗi.

Shugabannin makarantu da daraktocin wasanni su fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda za ta faɗi inda za a yi amfani da hoton ɗan wasa, tsawon wane lokaci, da abin da zai samu. Makaranta ta sa hotonsa a allon sanarwa ko mujallarta, wannan babu laifi, alfahari ne na kowa. Da zarar tambarin wani kamfani ya hau kai, ciniki ya shigo. Wanda bai kai shekara 18 ba, waliyyinsa ne zai sa hannu. Ɗan wasa kuma yana da ikon cewa a'a, musamman ga tallar caca, ba tare da an cire shi daga ƙungiya ba.

'Yan kasuwa masu ɗaukar nauyin gasa, mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. Amma kuɗin kofi da lambobin yabo bai sayi fuskar kowa ba. In kuna son hoton yaro a ƙofar shago, ku zauna da shi ku yi ciniki kamar yadda kuke yi da mai buga muku kyallen.

'Yan siyasa, yaron da ya karɓi kofi daga hannunku bai shiga jam'iyyarku ba. Ku tambaye shi kafin ku sa shi a fosta. In ya ƙi, ku haƙura.

Masu shafuka, da yawanku kuna cikin wannan zaure, kuma kuna yi wa wasanninmu hidimar da gidajen talabijin ba su yi ba. Ku ɗora labari, ku ɗora sakamako, babu mai hana ku. Amma in bidiyon wani ya kawo muku kuɗi, ku neme shi ku ba shi rabonsa, ko a filin makaranta kuka ɗauke shi ko a gidan dambe.

Ku kuma 'yan wasa, ƙannenmu, ku daina jin kunyar tambaya. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Ku je ku sami shugabannin ƙungiyar ɗalibai ku sa wannan batu a cikin buƙatunku na zangon nan.

Mu ma da muka tura bidiyon nan muna ta yabo, babu ɗayanmu da ya je duba yaron sai da ya yi mako biyu a kwance. Mun ɗauki wannan laifi. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu, wasu daga cikinmu za su je wajen mai shagon cikin mutunci, da buƙata ɗaya: ko ya sauke kyallen, ko ya zauna da mahaifin yaron su daidaita. Duk abin da ya ce za mu kawo muku a nan. Wanda ke ganin mun yi kuskure, fili na nan a ƙasa, ya kawo hujjarsa ban da zagi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar mana da jiharmu lafiya.